Zuwairatu Mai Gyara

Zuwairatu taubashiyata ce, ɗiyar Gwaggo Sa'adiyya ƙanwar mahaifina, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ƙarata. A Yasore aka haife ta, a can kuma ta yi aure. Ni kuwa, Badaru, aiki ya ajiye ni a Safana, ina jan fayil a ofis. Tun muna yara abu ɗaya na san ta da shi: hannunta ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Ka ce ta zuba maka miya ludayi ɗaya, sai ta zuba ɗaya da ɗan wani abu. Ka ce sukari cokali biyu a koko, za ka sha biyu da rabi ko kana so ko ba ka so. In ka yi magana ta ce gyara ne, ta kuma dube ka kamar kai ne marar hankalin.

Ba daga sama ta ɗauko halin ba. Gwaggo ma'auniya ce, ta yi shekara da shekaru tana awon gero da dawa a cikin gida, ranar kasuwar Batsari kuma ta fita da buhunta. Awon Gwaggo sananne ne. Za ta cika tiya har ta yi tsiri, ta tare gefe da hannu don kada hatsin ya zube, ta juye wa mai saye, sannan ta ƙara masa cikin tafi ɗaya. Ina nan ranar da Zuwairatu, tana 'yar ƙarama, ta shafe bakin tiya da tafin hannu don ya yi daidai. Gwaggo ta make mata hannun da bayan ludayi, ta ce ba a sallamar mutum da iyakar abin da ya biya, kuma mai tauye mudu Allah na kallonsa. Na yi dariya ranar har ni ma aka ba ni nawa dukan. Ita dai Zuwairatu ba ta sake shafe bakin komai ba.

Ta yi sakandare, ta kuma gama, abin da ba kowace yarinya ta samu ba a lokacinmu. Sakamakonta ya yi kyau in ban da kemistiri. Wannan kuwa ba laifinta ba ne sosai, don malamin darasin zango ɗaya ya yi masu ya tafi, sunan abin kawai suka riƙe. Ta auri Armaya'u, manomi mai sanyin hali, ta haifi 'ya'ya huɗu, babbarsu Nana Hadiza. Da yaran suka ɗan tasa sai ta fara taimaka wa Sista A'isha, ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa daga Batsari a kan babur tana buɗe ɗakin shan magani na garin. Ba albashi a ciki. Ita ce shara, ita ce riƙe jarirai ranar allura, ita ce haɗa ruwan gishiri da sukari in an kawo yaro mai gudawa. Duk mai ciki a garin ta san watanta.

Da hanya ta daina zama lafiya, zuwan Sista ya ja baya, daga baya ma ta faɗa masu ritaya za ta yi, kuma ba ta jin akwai wata da za ta yarda a turo ta. Dattawan gari suka zauna suka ce to su ɗauki nauyin 'yar gari guda ta je makarantar kiwon lafiya, wadda ko hanya ta ɓaci tana nan a cikinsu. Ba a yi gardama ba, Zuwairatu aka zaɓa. Sai da aka kai takardunta aka ce komai ya cika sai kemistiri, kuma shekarunta na dab da wuce abin da makarantar ke karɓa. Zaman jarrabawa ɗaya ya rage mata. In ta ci ta tafi, in ta faɗi a rufe ɗakin, mata su koma hawa babur da naƙuda.

Ni ta fara nema, wai don na yi kimiyya a makaranta. Na yi kam, amma abin da ya rage mani na kemistiri bai wuce warin ɗakin gwaji ba. Ban faɗa mata haka ba, taubashi ba ya nuna gazawa. Na je gidan wata 'yar uwarmu a Batsari inda ta sauka, na zauna a tabarma na buɗe littafin da ta aro, na gyara murya. Babin farko da ya faɗo mana shi ne na mol.

Na ce, "Mol ɗin nan ma'auni ne. Ki ɗauke shi kamar tiya."

"Tiyar wace kasuwa?"

"Ba ta da kasuwa. Ko'ina a duniya ɗaya ce."

"Ƙarya kake, Badaru. Tamu daban, ta Katsina daban. Ko cikin kasuwa guda, tiyar saye ba ita ce ta sayarwa ba ga wasu."

Na ce to ba cika ake dubawa ba, ƙirge ne. Ƙwayoyi ne a ciki, kuma ko na mene ne, yawansu ɗaya. Ta ce guda nawa. Na duba littafi na ce wajen shida ne da sifili ashirin da uku a bayanta. Ta riƙa motsa baki, ina jin ƙoƙari take ta jera sifilin a kanta.

"Wa ya ƙirga?"

"Turawa."

"Da hannu?"

"Ke, ƙwayoyin ba a ganinsu ma."

"To abin da ba a gani aka ƙirga, kuma ba a yi ɓatan ko guda ba? Kai ka yarda da wanga zance?"

Raina ya ɓaci, na ce ba yarda aka aiko ta nema ba, kiredit aka aiko ta nema. Muka wuce gaba, littafi ya ce mol ɗaya na ruwa giram goma sha takwas ne, na gishiri kuwa hamsin da takwas da rabi. Nan fuskarta ta washe, ta ce ta gane, ai tiyar gero ta fi tiyar gyaɗa mai ɓawo nauyi. Na ce yawwa, na ji daɗi kamar ni na ƙirƙiro ilimin. Sai shafi na gaba ya nuna mol ɗin wani abu cikin cokali ne, na wani kuma ya cika jarka, wato tiyar tamu tana kumbura tana motsewa. Ta dube ni, na dubi littafi. Na ce la'asar ta yi, zan je masallaci, daga can kuwa na hau babur ɗina na koma Safana.

Allah ya taimake ta da Malam Nurain Tayyib. Shi ke koyar da kemistiri a wata 'yar makarantar kuɗi a Batsari inda aka yi mata rajistar jarrabawa, tana zama aji ɗaya da 'yan mata sa'o'in Nana Hadiza. Saurayi ne siriri mai haƙuri, in abu ya ɗaure masa kai sai ya cire hula ya riƙe ta a hannu. Kafin zuwan Zuwairatu an ce da wuya ka ga kansa. Bayan zuwanta kowa ya san inda sanƙonsa ya fara. Ranakun Asabar yakan yi masu ƙarin darasi, ni kuma in zo in zauna a bencin baya, wai na rako ta. Gaskiya so nake in gane abin da ya kore ni daga tabarma.

Ba wai ba ta iya lissafi ba ne. Tarawa da ɗebewa da ka take yinsu, kafin 'yan matan su kunna kalkuleta ta gama. Matsalar ita ce duk inda aka ce lamba ta ragu, sai ranta ya ƙi. In aka ce a mayar da mililita zuwa lita, a raba da dubu, ɗigo ya matsa baya gida uku, sai ta matsar da shi gaba, don ita ba ta ga yadda za a ba ta ɗari biyu da hamsin ta mayar da abin da bai kai ɗaya ba. Malam Nurain ya kawo kofi da jarka ya nuna mata ruwan bai ragu ba, sunan ma'aunin ne ya canza. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane. Washegari ta sake maimaita abin da ta yi jiya.

Rigimar da ta fi wannan ita ce ta taƙaita lamba. Ya rubuta 23.42 a allo, ya ce a bar gida ɗaya bayan ɗigo. Kowa ya rubuta 23.4, ita ta rubuta 23.5.

Ya ce, "Maman Nana, biyu ba ta kai biyar ba, zubar da ita ake yi."

"A zubar ina, Malam?"

"A bar ta kawai."

"To haƙƙin wa aka ci? Ai gara a cika a ba mutum, da a rage mashi."

Ya ce ba mutum a nan, lamba ce. Ta ce lambar ai ta wani abu ce, kuma abin na wani ne. Ya cire hula. Ni daga baya na ce mata ta rufa mana asiri ta zubar da biyun nan, in an tambaya ranar lahira ta ce ni na sa ta. 'Yan mata suka kwashe da dariya. Ta juyo ta ce wanda mol ya kora masallaci ba shi da bakin magana a nan.

Sai aka zo aikin hannu, wanda makinsa ke da yawa a jarrabawa, kuma Malam Nurain ya ce wanda lissafinsa ke rawa, nan ne zai tsira ko ya nutse. Akwai wata doguwar kwalba siririya mai zanen awo a jiki da ɗan famfo a ƙasa, ana ce mata biret. A cika ta da asid. A ƙarƙashinta a ajiye wata kwalbar mai ruwan soda da aka ɗiga wa launi ya zama ruwan ɗorawa. Aikinka ka riƙa sakin asid kaɗan-kaɗan kana juya kwalbar, har ɗigon da zai mayar da ruwan ya koma ruwan goro. A nan za ka rufe famfo, ka karanta yawan abin da ka zuba, ka maimaita, ka fitar da matsakaici, duk sauran lissafin a kansa zai hau. In ka ƙara ko kaɗan ruwan ya yi ja, aiki ya ɓaci.

Tun wajen karanta awon aka fara. Ruwa a cikin siririyar kwalba yakan lotsa a tsakiya, gefensa ya ɗan hau, kuma ƙa'ida ita ce ka kawo idonka daidai ka karanta daga ƙasan lotsawar. Zuwairatu ta leƙa ta ce wannan ai tiya ce mai rami a tsakiya, ko a kasuwa aka yi maka haka sai ka mayar. Ita daga saman take karantawa. Wannan ya gyaru bayan an sha fama. Wanda ya ƙi gyaruwa shi ne famfon. Na gani da idona: tana ɗiga asid a natse, hannunta ba ya rawa, ruwa ya juya ya zama ruwan goro sak, Malam Nurain ya buɗe baki zai ce madalla, sai yatsunta su sake murɗa famfon kaɗan. Ruwa ya yi jawur.

"Me ya sa kika ƙara?"

"Na ƙara?"

Ba ta ma san ta yi ba. Aka wanke kwalba aka sake, ta sake ƙarawa. Ya tsaya a kanta ya ce da zarar ya ce tsaya ta cire hannu. Ya ce tsaya, ta ce to, ɗigo biyu suka bi bayan to ɗin. Na ce a ɗaure mata hannu da igiyar akuya, ba wanda ya yi dariya, don ita kanta idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita fa ba ta gane ba, abu ya kai daidai, sai a bar shi haka tsirara ba ɗan ƙari? Malam Nurain ya ce eh, haka ake so. Ta ce to ita jikinta bai san wannan ba.

Abin da ya girgiza ta ya zo ne ta inda ba mu zata ba. Wata Asabar ana koyon ƙarfin haɗi, wato giram nawa na abu ke cikin lita ɗaya ta ruwa. Don ya sauƙaƙa mata, Malam Nurain ya ce ta ɗauki abin da ta sani, ruwan gishiri da sukarin da take haɗa wa yara. Ta ce wannan ai ko ido rufe. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya aka ce, amma ita takan ɗan rage ruwan don maganin ya yi ƙarfi, ta kuma ƙara ɗan gishiri da sukari na gida, gyara, saboda yaron ya galabaita. Ya ce to ta kimanta abin da take ƙarawa ta lissafa. Ta sunkuya ta raba, ta matsar da ɗigo, kuma a karo na farko ta matsar da shi inda ya dace. Amsa ta fito daidai. Na fara tafa mata, sai na ga Malam Nurain bai cire hula ba, bai kuma yi murmushi ba.

A hankali ya ce mata haɗin nan an auna shi ne don cikin yaro ya iya jan ruwa. In gishiri da sukari suka yi yawa, yana iya zama akasin haka, ya ƙara janye ruwan jikin yaron. Ya ce shi ba likita ba ne, kuma bai ce ta cutar da kowa ba. Ta tambaye shi ko akwai lissafin da zai nuna mata wane yaro ne abin ya taɓa. Ya ce babu.

Na mayar da ita masauki a babur. Da muka sauka ta fara kiran sunayen yara, wane ɗan wance ya warke, wance ta warke, wane an wuce da shi Batsari, wane ya rasu amma an ce zazzaɓi ne. Ta ce, "Badaru, ni alheri nike yi. Wallahi alheri nike yi." Na ce na sani. Na nemi wata tsokanar da zan yi mata na rasa, kuma tausayinta ya kama ni sosai. Ta ce abin da ya fi ɗaure mata kai, Innarta ba ta koya mata mugun abu ba, Malam ma bai koya mata mugun abu ba, to yaya aka yi maganarsu ta ƙi haɗuwa? Na ce ta shiga ta ci abinci.

Za ka zaci daga nan hannun ya gyaru. Ina! Sai ya koma ɗaya gefen. Tsoron ƙari ya sa ta fara rufe famfo tun ruwan yana ruwan ɗorawarsa, ta rantse ta ga ya canza. Yau awonta ya gaza, gobe ya wuce, ba biyu da ke kusa da juna, alhali jarrabawa na son su yi kusan ɗaya. Asid ɗin makarantar ma ya fara ƙarewa saboda ita. Malam Nurain ya ce to ta koma gida ta yi da abin da ke madafa: ta dafa zoɓo ta tace, ta sa masa ruwan kanwa har ya yi duhu, ta samu sirinji marar allura ta cika da ruwan tsamiya, ta riƙa ɗigawa har jan ya fara dawowa, ta tsaya. Ya ce ba awo zai koya mata ba, tsayawa zai koya mata.

Gidan da ta sauka suka shiga uku. Duk kofin da ka ɗauka akwai wani ruwa mai launin da ba ka san sunansa ba. Matar gidan ta ce mani tun da take ba ta taɓa ganin an ɓata zoɓo da kanwa da gangan ba, kuma an hana kowa sha. Na tarar da Zuwairatu a gindin bishiya da sirinji a hannu, tana ɗiga ɗaya ta ce wa kanta "ya isa" da ƙarfi, sannan ta tura hannun ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Wani lokacin hannun ya riga ta, wani lokacin ta riga shi. Na tambaye ta ko yanzu ta gane mol. Ta ce ba ta gane ba, kuma ta daina neman ganewa, ta dai san in an ba ta giram ta raba da nauyin mol ɗaya, abin da ya fito ta rubuta ta yi shiru. Na ce ashe mun zama ɗaya.

Ranar aikin hannu na jarrabawa na ɗauki izini a ofis na zo na jira a bakin ƙofar makarantar. 'Yan mata suka fito suna ta surutu, ita ce ƙarshe. Na ce yaya. Ta ce ta tsaya, duk zubin da ta yi ta tsaya a ruwan goro, awon kuma ya zo kusa da juna. Na ce to alhamdu lillahi, me ya sa fuska a murtuke? Ta ce ji take kamar ta sallami baƙo ba ta raka shi ko ƙofa ba. Game da takardar lissafin kuwa, ta ce akwai inda ta zubar da uku, akwai inda ta zubar da huɗu, akwai kuma tambaya guda da har ta fito ba ta san me ake nema ba. Ta koma Yasore jiran sakamako, ta tarar Gwaggo ba lafiya, tari ya kwantar da ita, an kawo mata maganin ruwa daga asibiti.

Ni na duba sakamakon a waya, don a can sabis sai an hau tudu. Ta samu kiredit, na ƙarshen nan da ke rataye a bakin faɗuwa, amma kiredit ne. Na hau babur da hantsi ina ta shirya irin tsokanar da zan yi mata. Na tarar da ita a ɗakin Gwaggo, ta durƙusa da kwalbar magani da ɗan kofinsa mai zane. Na gaishe da Gwaggo, ta amsa da ƙyar, na zauna ina jiran a gama. Zuwairatu ta ɗaga kofin daidai idonta, ta zuba a hankali, ta tsaya a kan zane, ta miƙa.

Gwaggo ta leƙa kofin ta ce, "Ƙara mani kaɗan."

"Inna, iyakarshi ke nan."

"Gyara nike ce maki, ke ɗiya."

"Ba a yi ma magani gyara, Inna. Haka likita ya ce."

Gwaggo ta daɗe tana dubanta. Ta ce, "Ni da na haihe ki za ki yi ma awo a shafe? Ko baƙon da ban sani ba, ban taɓa yi mashi haka ba." Zuwairatu ta ce ta yi haƙuri, ta rufe kwalbar. Gwaggo ta karɓa ta shanye, ta ajiye kofin a ƙasa maimakon ta miƙa mata, ta juya fuska bango. Ta ce da ta san rowa wannan karatu zai koya wa ɗiyarta, da ba ta bari ta tafi ba. Don in gyara zaman na yi sauri na ce Gwaggo albishirinki, Zuwairatu ta ci jarrabawa, za ta tafi makaranta, ɗakin magani ba zai rufu ba. Gwaggo ta ce Allah shi sa alheri, ba ta juyo ba.

A tsakar gida na zaci za ta yi guɗa, ko ta tambaye ni maki nawa. Ta tsaya da kwalbar a hannu ta ce, "Badaru, da na ƙara mata ɗigo biyu, zai yi mata wani abu?"

Na ce ban sani ba, amma ba na jin zai yi.

"Ni ma ba ni jin zai yi."

"To me ya hana ki?"

"Hannun ne ya ƙi."

Sai ta fashe da kuka, ni kuma na tsaya da wayata a hannu, sakamakon na haske a kai, na rasa ko barka zan yi mata ko haƙuri zan ba ta. Armaya'u ya shigo daga gona ya ga matarsa na kuka, ya ce inna lillahi, ta faɗi ke nan? Na ce ta ci. Ya dube ni, ya dube ta, ya ajiye fartanya ya zauna.

Takardar shiga makaranta ta zo bayan girbi, dattawa suka cika alkawarinsu. Amma tun daga ranar nan Gwaggo ba ta sake karɓar magani daga hannunta ba. Har ranar tafiyarta makaranta, Zuwairatu ke aunawa a tsakar gida, ta miƙa wa Nana Hadiza ta shigar da shi, ita kuma ta tsaya a bayan labule tana saurare har a shanye.